Ana Gobe Gwajin Numfashi Na Kai Ɗana Gudu Cikin Yashi

Wautar tsoho ta fi ta yaro tsada, don yaro yana da mai kwaɓarsa, tsoho kuwa sai a yi shiru a ƙyale shi. Ni ne tsohon nan. Lokacin da abin ya faru ina da ɗan lambu a Goudel, wata unguwar Niamey a bakin gulbi, salati da karoti da shu, wato kabeji, ina kuma da baki. A lakwal, makarantar boko, ban wuce koyon rubuta sunana ba mushe, malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Abin taƙamata a duniya guda ne, ƙirjina. Tun ina saurayi nake loda kayan lambu bisa keke in taka har kasuwa, kuma ban taɓa sauka na tura a hawa ba, ko dai in na taɓa to babu shaida. A fadarmu ta shayi, in aka zo zancen numfashi da juriya, ni ne liman kuma ni ne ladan.

Ɗaya daga cikin ƴaƴana maza ya gaji ƙirjin, amma bai gaji bakin ba, shiru-shiru ne kamar uwarsa. Gudun dogon zango yake yi, ya kuma fara cin tsere a gari har mutane suna nuna ni a hanya. Wata rana mai horar da ƴan tseren ya zo har lambu ya ce an kawo wata na'ura daga waje mai auna ƙarfin numfashin ɗan tsere, za a gwada kaɗan daga cikinsu, wanda jikinsa ya nuna alama za a tafi da shi sansanin horo a wata ƙasa mai tsaunuka. Na'urar baƙuwa ce, ba za ta daɗe a Niamey ba. Ya ja kunnen yaron a gabana: ana gobe gwaji ya huta sarai, kada ya yi gudu, ya ci abinci ya ƙoshi, ya yi barci, da safe kuma ban da shayi mai ƙarfi, ban da goro. Na gyaɗa kai kamar mutumin kirki, a raina ina dariya.

Ni abin da na sani, keken da aka jingine sarƙarsa ke tsatsa, kuma ban taɓa jin an kai ɗan kokawa fili da jiki a sanyaye ba. Ga shi a fada wani abokina masunci, Bazabarme mai tsokana, ya ce to yanzu za a sa ɗan nawa a inji a gani ko duk cika bakina iska ce. Maganar ta zauna mini. Ana gobe gwaji, bayan sallar asuba, na ce wa yaron ya taso mu buɗe ƙirji. Ya ce a hankali ai an ce ya huta. Na tambaye shi, mai horarwar ne ya haife shi ko ni. Ya sunkuya ya ɗaura takalmi. Na sa shi cikin yashin bakin gulbi, inda ƙafa ke nutsewa, ya doshi Tondibia, ni kuwa ina bisa keke ta kan hanya ina yi masa kirari kamar na samu doki. Duk inda ya sassauta sai in ce ni a shekarunsa da buhu nake yin wannan. Da muka juyo rana ta riga ta buɗe ido. Ya iso gida yana jan ƙafa, ni ina murna na gasa shi. Uwarsa ta kawo masa shinkafa da wake, na ce a'a, abinci mai nauyi na danne numfashi, fura kaɗan ta isa. Ta dube ni, ta ɗauke kwanon.

Washegari na sa babbar rigata na bi shi, ba wanda ya gayyace ni. A ƙofa na tarar da iyayen wasu yaran, na gaya musu su yi haƙuri da abin da za su gani. Ɗakin gwajin sanyi ƙalau, ga wani faifan roba mai tafiya da kansa, mutum yana gudu a kai amma yana nan wuri ɗaya. Mai gwajin wata madam likita ce, Hausarta ta mutanen Damagaram. Ta ɗaura wa yaron wani ɗamara a ƙirji mai jin bugun zuciya, ta rufe masa hanci da baki da wani takunkumi mai dogon tiyo. Da ta ga ina leƙe, ta yi mini bayani ba tare da raini ba. Ta ce iskar da muke shaƙa akwai wani sashe nata da jini ke ɗauka, zuciya ta tura shi zuwa ga tsoka, tsoka ta ƙona abinci da shi ta samu ƙarfi. Na'urar tana auna abin da ya shiga da abin da ya fito, a san iyakar abin da jikin mutum zai iya sha in an matsa shi matuƙa. Na ce ashe kamar injin ban ruwa ne, zuciya inji, jijiyoyi tiyo, ƙafafu fangalai. Ta yi dariya ta ce Baba ya gane. Daɗi ya kama ni, na manta cewa jiya na tattake fangalan.

Aka fara a hankali, ana ƙara wa faifan sauri kaɗan-kaɗan. Lokaci-lokaci a ɗan tsaga masa fatar kunne a ɗiga jini a wani ƙaramin abu. Da farko gudunsa ya yi kyau har na fara gyara riga. Can sai na ga abin da na sani ba sai da na'ura ba: dugadugansa sun daina tashi sama, yana buga faifan da nauyi. Mai horarwa yana ta ƙarfafa shi. Yaron ya yi abin da zai iya, sannan ya kama ƙarfen gefe, aka tsai da faifan.

Madam ta daɗe tana duban allon. Ta ce abin bai yi mata daidai ba. Zuciyarsa ba ta kai inda zuciyar matashi ke kaiwa in ya ƙure ba, iskar da yake sha tana kan hauhawa ya tsaya, jinin kunnensa ma bai nuna tsamin nan da ke taruwa in tsoka ta yi aiki iyakarta ba. Ta ce ƙirjin yana da saura, ƙafafu ne suka ƙi, kamar rumbunsu babu komai. Ta tambaye shi ko ya yi masassara, ko ya yi wani aiki mai wuya jiya. Ta ce in haka ne ya faɗa, za ta soke wannan gwajin a sake masa kafin a tafi da na'urar. Yaron ya dubi takalmansa ya ce ya huta. Ni ina tsaye a bayansa, goro a bakina, ƙofa a buɗe, iyayen nan suna jin komai. Mai bakin da ya gagari fada, ranar ya rasa harshe. Da na buɗe bakin ma, cewa na yi ƙila takunkumin nan an yi shi don hancin Turawa ne. Wasu suka yi dariya. Madam ba ta yi ba.

Ba a ɗauke shi ba, na'ura ta koma inda ta fito. A fada na maimaita zancen hancin Turawa har ya zama abin ba'a, masuncin nan ma ya sara mini. Yaron ya ci gaba da gudu na ɗan lokaci, sannan ya rataye takalman, yanzu shi ke riƙe da lambun, ya yi aure. Ban ce da an sake gwajin lalle za a ɗauke shi ba. Ban sani ba, shi ma bai sani ba, kuma ni na sa ba wanda zai taɓa sani.

Abin da na koya a makare shi ne hutu ma horo ne, jiki a cikinsa yake cika rumbu. Kuma wanda ya iya taka keke ba shi ne ya san abin da ke cikin ƙirji ba. Iyaye irina, in masu sani suka ba ɗanku ƙa'ida, ku bar ta yadda aka ba shi, ko da ba ta yi kama da ta zamaninku ba. In kuma kun riga kun ɓata, ku faɗa tun ana iya gyarawa, kunyar rana ɗaya ba ta kashe tsoho. Kada ku sa yaro ya zaɓa tsakanin rabonsa da mutuncinku, don ɗan kirki mutuncinku zai zaɓa.

Kwanan baya muna lambu da la'asar, yana ba salati ruwa ina zaune ina ba da umarni, sai shaiɗanin tsokana ya motsa mini. Na ce masa cikin wasa ai shi ma ba waliyyi ba ne, na ji shi da kunnena ya zuba wa madam ƙarya. Bai ɗago kai ba, bai kuma daina zuba ruwan ba. Yana cikin aikinsa ya ce mini:

"Da na ce ban huta ba, Baba, ai sai ta tambaye ni wa ya hana ni."