Ranar da Azara ta Duba Bakina

Cikin duk shekarun da na yi a aikin asibiti, ban taɓa mantawa da ranar da aka zaunar da ni kan kujerar masu ciwon haƙori, aka ce in buɗe baki ƙaramar yarinya ta duba ni ba. Ku da kuka shigo aikin yanzu kun tarar da likitan haƙorin yara daban, na manya daban. Ni ga yadda na fara gane bambancin.

A farkon shekarun hamsin ne, zamanin Faransawa, ina anfirmiye a Agadas. Anfirmiye a lokacin shi ne mai allura, mai wankin miki, mai dafa kayan aiki, kuma tafinta tsakanin likita da mutanen gari. Ba mu da likitan haƙori zaunanne. Sai lokacin sanyi wani likitan soja mai muƙamin kapiten yakan zo rangadi daga Damagaram, ya yi ƴan makonni ya koma. Gwani ne. Sojoji da ƴan kasuwa da madugai kan jeru, mutum ya zauna, a yi masa allurar kashe zafi a dasashi, a kama haƙori da awartaki, a cusa auduga, na baya ya matso.

A shekarar aka ce wata likita, wadda muke kira Madam, za ta biyo bayansa don duba bakin ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, wai a ƙasarsu haƙoran yara kaɗai take yi. Mu dai a ganinmu haƙori haƙori ne.

Kafin ta iso, wani baduku mai yin sirdin raƙumi, Malam Attahir, ya zo saɓe da ɗiyarsa Azara, wadda ba ta wuce shekara biyar ba. Kuncinta na hagu ya kumbura har ya fara matse ido, ga masassara, ba ta cin komai sai nonon da ake ɗura mata. Kapiten ya ce a ɗora ta kan kujera. Tana ganin awartaki a faranti ta datse baki. Uban ya yi lallashi, ya yi tsawa, a banza. Na riƙe kafaɗunta, kapiten ya matsa muƙamuƙi ya samu ya leƙa kaɗan, ta ƙwalla ihu har ta jiƙa zanenta. Sai ya ja baya ya ce in sake ta.

"Gaya masa turmin haƙori na ƙasa ne ya ruɓe," in ji shi. "Ina iya sa a danne ta in cire. Amma kayana na manya ne, kuma bakin yaro ba aikina na kullum ba ne. Madam tana hanya. A yi mata penisilin kumburin ya sauka, mu jira."

Na fassara. Malam Attahir ya ce, "Likita," haka mutanen gari suke kiranmu, "ai haƙorin nono ne, ko ba a taɓa shi ba faɗuwa zai yi. In nan ba a iyawa, wanzamin unguwarmu ya ce yanzu-yanzu ya fidda shi."

Na ce, "Malam, dubi idon nan. Don Allah ka ba mu kwana kaɗan."

Ya daɗe yana shafa kan yarinyar, sannan ya ce to. Safe da yamma yana kawo ta ina mata allura. Motar madam kuwa ta lalace a hanya, a garin Aderbissinat. Kullum sai ya tambaye ni, kullum amsar ɗaya, kuma duk lokacin da ya juya ban da tabbacin zai dawo. Saukar kumburin ce ta riƙe mana shi.

Da madam ta iso, abin da ta fara yi shi ne sa ni in rufe kayan aiki da ƙyalle. Ta tuɓe farar riga, ta zauna kan tabarma kusa da Azara, ta miƙa mata ɗan madubin nan mai dogon hannu. Sai ta juyo gare ni.

"Hau kujera. Buɗe baki."

"Ni, Madam?"

"Kai. Ka gaya mata yau ita ce likita."

Na hau, masu jira suna leƙowa ta taga. Aka ɗora Azara kan ɗan benci, ta zura madubi a bakina tana kallo da gaske. Can ta ce, "Baba, shi ma nasa akwai baƙi!" Ɗakin ya ɗauki dariya. Gaskiya ta faɗa, akwai turmin da na daɗe ina danne shi da kanumfari. Madam ta ce yanzu kuma sai likita ta nuna nata. Azara ta wangale baki da kanta. Madam ta duba a natse, ta yaba mata, ta ce su tafi gida sai gobe. Ba ta taɓa komai ba.

Washegari ta fara da auna nauyin yarinyar, domin maganin kashe zafi na yaro da nauyinsa ake lissafa shi. Ta hana ni cewa "ba zafi". Ta ce in gaya mata za ta ji ɗan tsini, sannan ta ji ana danna mata. Duk abin da za ta ɗauka sai ta nuna mata tukuna. Ta fiddo awartaki ƙarami daga nata akwatin, ta girgiza haƙorin a hankali har ya fito. Azara ta yi hawaye, amma ba wanda ya riƙe ta.

Madam ta nuna wa uban haƙorin a tafin hannunta, saiwoyinsa a buɗe kamar ƙafafu. Ta ce tsakaninsu ne haƙorin girma yake kwance cikin dasashi, bai ƙosa ba. In aka kama da babban awartaki aka nutsa ƙasa, ana iya tumɓuko su tare, wurin ya zauna giɓi har tsufa.

Malam Attahir ya jima yana kallo, ya ce, "Ashe akwai wani a ƙasa yana jiran lokacinsa." Ya karɓi haƙorin ya ƙulle a bakin rawaninsa.

Bayan sun tafi na roƙi madam ta cire mini nawa, don na ga hannunta da sauƙi. Ta duba ta girgiza kai. Ta ce saiwar doguwa ce kuma a karkace, ƙashin babba ba irin na yaro ba ne, kapiten kuwa irin wannan yake yi kowace safiya. Haka na shiga layin sojoji. Kapiten ya fidda shi kafin in gama addu'a, kuma ni ba wanda ya ba ni madubi in riƙe.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, likitan manya yana aiki da haƙorin da ke gabansa, na yara kuwa yana aiki da wanda bai fito ba tukuna, da kuma tsoron mai bakin. Su biyun nan kowannensu ƙwararre ne, kuma kowanne na ji shi da kunnena yana cewa wannan ba nawa ba ne, a kai wa ɗan'uwana. Idan aka kawo muku abin da ya wuce hannunku, ku faɗi haka a gaban mai jinya, ba tare da kun sunkuyar da kai ba.