Yatsun da Aka Hana Jini

Shekara goma sha tara ina ɗinki a kasuwar Gure kafin zazzaɓin nan ya kama ni. Na ɗauka masassarar damina ce, na yi ta shan jiƙo, ashe hanjina ne ya huje. Ranar da na faɗi a gindin keke, yayana ya kai ni lopital, wato asibitin garinmu, su kuma suka tura mu Damagaram.

Ban san an yi mini aiki ba. Da na farfaɗo, abin da na fara ji sanyi ne a hannuwa, kamar na tsoma su a randa. Farcena ya yi shuɗi. Matata ta yi ta murza yatsun da man shanu, ba su ɗumama ba.

Lokotoron, wato likitan da ya yi mini aikin, ya zauna bakin gadona ya yi mini bayani. Ya ce jiki yana da wani sinadari nasa da ke matse jijiyoyin jini idan mutum ya kusa tafiya, ya janye jini daga hannu da ƙafa da ƙoda, ya tura wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Nawa ya gaza, tansiyona, wato awon ƙarfin jinina, ya faɗi ƙasa warwas, shi ne suka ƙara mini irinsa cikin ƙarin ruwa, kwana uku.

Na tambaye shi ko jinin zai komo.

"Malam, zuciyarka muka zaɓa," ya ce. "Ba mu da wata hanya."

Yatsu huɗu suka yi baƙi suka bushe, uku a dama. Aka yanke su.

Da na koma gida, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce in gode Allah, da rai ake komai. Ina godewa. Wata mata daga Gidigir, wadda ba ta ji labari ba, ta kawo mini atamfar salla. Na karɓa don kunya. Tun hantsi har azahar nake neman zura zare a allura, ban iya ba. Matata ta tarar da ni haka, ta naɗe atamfar ta mayar wa mai ita.

Yanzu da cokali nake cin tuwo, a ɗaki, ni kaɗai. Ƙafafuna sun fara kumbura. An ce ƙodar ma ba ta warware daga kwana ukun nan ba, in koma Damagaram a duba. Ban koma ba.