Ranar da Likitar Umma Ta Kayar da Ragon Layya

Ko tsufa zai kwashe min komai a ka, ba na jin zai iya da ranar da likitar Ummarmu ta yi kokawa da rago a tsakar gidanmu na unguwar Nuzla, can ƙasar Larabawa.

Lokacin Umma ta yi wata huɗu da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta fara motsi, amma zuciya ta ƙi. Cewa take ita ta gama tafiyarta a duniya, a bar ta a kujerarta. Asibiti suka haɗa mu da wata Baturiya likitar gashin ƙashi, doguwa, kafaɗu kamar na ɗan dako, hancinta a ɗan karkace. Sau biyu a mako take zuwa gida. Da gurguwar Larabcinta ta ba mu labarin cewa ta yi shekaru tana buga wa ƙasarta zari-ruga, wasan nan da ake rungumar ƙwallo mai kama da ƙwai a ruga, wasu su biyo ka su kayar. A can ta karya hanci, kuma yawan jinyar targaɗe ne ya ja ta ga koyon gyaran jikin mutane.

Umma ta dube ni ta ce da Hausa, "Ke, wannan ƙarya take yi. Wace ƙasa ce za ta aiki mace kokawa?"

Ana saura kwana biyu Babbar Sallah yayana ya kawo rago, ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho, ya ɗaure a jikin famfo ya fita. Bayan la'asar likita ta fito da Umma, ta tsayar da ita a jikin ƙarfen koyon tafiya tana lallashi: "Yalla ya Hajja, taku ɗaya." Umma ta kafe. Ina wanki a gefe sai na ji igiya ta tsinke. Ragon ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya nufi Umma.

Ni 'yar cikinta, har yau da kunya nake faɗa, ihu kawai na iya. Likita kuwa ta yi ƙasa, ta sa kafaɗa ta kwashe ƙafafunsa, suka zube tare cikin bahon wankina. Ta danne shi, kumfa har gira, ta ɗago ta ce, "Halas!" wato shi ke nan.

Maƙwabciyarmu da ke leƙe daga bene ta rangaɗa guɗa. Umma ta fashe da dariyar da rabonmu da ita tun kafin ciwon, tana cewa, "Wallahi gaskiyarta! Ashe 'yar kokawar ce!" Ta cire mayafinta za ta kai wa likita ta goge fuska. Ban ma lura ta saki ƙarfen ba, sai da na ji likita daga kan rago tana ƙirge: "Wahid... itnen... talata!"

Taku uku! Murna ta sa likita ta saki ragon ta hau tafi, shi kuma ya zabura ya faɗa ɗakin girki. Muka bi shi muna kuka muna dariya, tukwane na ta zubowa, Umma a tsaye tana ba da umarni: "Ku tare ta can! A bar wa likita shi!"

Kafin azumi ya zagayo, da ƙafarta ta shiga kasuwar Bab Makka ta zaɓo wa likitar turmin atamfa.

Tun daga ranar na gane cewa sau da yawa tsoro ne ke ɗaure ƙafar mai jinya. Ka samo masa abin da zai mantar da shi kansa, ko na minti ɗaya ne, sai ka ga ya taka.