Malam Hudu da Ƙudan Mangwaro

Ina ɗaure buhun taki a bayan babur a kasuwar Haɗeja, Sa'idu ya kira ni, ya ce: "Kawu, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinsa, Malam Hudu, maƙwabcina ne a lambu, can bakin kogi. Tun da muka kai shi makwancinsa na kasa zama wuri ɗaya.

Shekarar da tsutsa ta cinye mana mangwaro, na ce masa ai daga cikin ɗan itacen take fitowa. Bai yi musu da ni ba. Ya zuba yashi a kwalba, ya ɗora ruɓaɓɓen mangwaro, ya rufe bakin da ƙyalle, ya ce in riƙa dubawa. Tsutsar ta sauka cikin yashin, ta ƙanƙance kamar ƙwayar alkama. Wata safiya sai ga ƙudaje masu ɗigon rawaya suna yawo a ciki.

"Ka gani, Ɗanjuma? Uwar ce ke huda fata ta saka ƙwai. Duk mangwaron da ka bari a ƙasa, gidan haihuwa ka gina mata."

Yakan ce a zamanin mahaifinsa babu irin wannan ƙuda a nan, baƙo ne. Da na tsananta feshi ya hana ni: "Wanda magani bai kashe ba shi ke haihuwa, jikokinsa kuma ba za su ji maganinka ba." Kullum yana tsince abin da ya faɗo, ya binne a rami mai zurfi. Ya tsince nasa, ya tsallako ya tsince nawa, har bayan ciwon gwiwa ya kama shi.

Yanzu ga mangwaro ya nuna. Ina zaune a wurin makoki, hankalina na ƙarƙashin bishiyoyinsa. Jiya na kasa daurewa, na ɗauki shebur na tafi. Na tarar da Sa'idu tsaye da kwando, ya rasa ta inda zai fara.

"Kawu, zurfin ramin kamar yaya?"

Na nuna masa ƙuguna, muka fara haƙa.

Allah Ya jiƙan Malam Hudu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ciyar da shi daga 'ya'yan itacen Aljanna. Allah Ya ba Inna Talatu haƙurin rashin mijinta, Ya riƙa wa Sa'idu da ƙannensa. Amin.