Ranar da Kwamfutar Inna Tafireta Ta Tashi

A shagon buga takardu da ke ƙasan bene, tsakanin mai sayar da tayoyi da kantin magani, babu abin da ya kai Inna Tafireta daɗewa, har da kujeru. Tana budurwa ta zo, zamanin da ake buga takarda da tafireta mai ƙararrawa. Tafiretar ta mutu an jefar, amma sunan ya ƙi bin ta bola. Teburin Inna na can lungu, ta ba bango baya tana fuskantar ƙofa, ta kewaye sikirin ɗin kwamfutarta da kwali wai hasken waje na damunta. Ko mai shara ba ya zagayawa bayan teburin nan.

An san ta da abu biyu. Ba ta kuskure, kuma ba ta ganin rubutun kowa da gashi. Malamin makaranta ne kai ko lauya, in ka miƙa mata takarda sai ta ɗaga ta da yatsa biyu, ta tambaye ka ko kaza ka ɗauka aiki. Sai ta ce ka ja kujera ka karanta mata da bakinka, ita ba ta da lokacin fassara tsutsotsi. Mutane su yi dariya su karanta, yatsunta na gudu, kafin ka haɗiye yawu ta gama. Har cewa ake yi wanda Inna ba ta zagi rubutunsa ba bai buga takarda ba.

Gaskiyar magana, idanunta ne suka daɗe da fara tafiya. Likita ya gaya mata ba irin ciwon da gilashi ke gyarawa ba ne, tsakiyar ganin ne ke cinyewa a hankali, gefe-gefe kawai zai rage. A gida mijinta ne ya sani, tsohon tela da ya ajiye keke. A shago kuwa tsohon mai shagon ne ya gane, bai kuma taɓa furtawa ba. Wata rana da ta fita salla ya zauna a kujerarta, ya mayar da haruffan kwamfutar manya-manya kamar yatsun hannu, rawaya a kan baƙi, ya warwatsa alamomin da take dannawa a sikirin kowace da kusurwarta. Da ta dawo ta gani, ta zauna ta ci gaba da aiki, shi ma ya ci gaba da nasa. Har ya rasu ba su yi maganar ba.

Da wannan tsarin ta rayu. Hannunta ya haddace wajen komai: takardun haya sama ta dama, wasiƙun neman aiki ƙasa ta hagu, sabon shafi a tsakiya. Yadda aka yi aka saita shi ba ta sani ba, ba ta kuma taɓa bukatar sani ba. Ɗan marigayin, wanda ta goya a shagon nan yana majina, shi ne ya gaji wurin, ya ce a riƙa kiransa Manaja. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da in ya kalli lungun Inna, babban injin hoto yake hangowa a wurin. Ta sani sarai, ranar da ya gane ba ta gani, ranar kujerar za ta bar hannunta.

Sai ga wata safiya aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi tas, ƙauri ya cika lungun. Manaja ya kira mai gyara, wani dattijo mai haƙuri da kowa ke ce wa Injiniya. Ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ce madabod ne ya ƙone, wato babban allon da duk kayan ciki ke maƙale a jikinsa. Amma faifan ajiya lafiyarsa lau, kuma a kansa komai nata yake. Za a sa sabon madabod, a mayar da faifan, shi ke nan. Inna ta ji sanyi a ranta, har ta sa aka sayo masa lemo.

Aka sa sabon allo, aka jona faifan, aka kunna. Fanka ta juya, sikirin ya yi kamar zai buɗe, sai ya rikiɗe ya yi shuɗi, kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Ta sake yin shuɗi. Haka ta yi ta yi kamar mai ciwon farfaɗiya. Injiniya ya canza wayar faifan, ya canza ramin da ya jona ta, ya shiga saitin allon ya tabbatar faifan ne farkon abin da ake nema in an kunna. Allon na ganin faifan, amma ya ƙi tashi da shi. Ya zare shi ya jona a tasa kwamfutar, ya ce takardunta duk suna nan, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Daga nan ya kawo shawarar da kowane mai gyara zai kawo. A kwashe takardun a ajiye gefe, a wanke faifan tas, a ɗora sabuwar manhaja, a mayar da su. Manaja ya ce madalla, a yi haka yanzu. Inna kuwa ta san in aka wanke faifan aikin marigayi ya tafi ke nan.

"Ba za a wanke ba," ta ce. "Yadda take nake son ta, ko a bar min gawarta."

"Haba Inna, ai babu abin da za ki rasa," in ji Manaja. "Komai naki yana nan."

Ta ce da shi tun yana fitsarin kwance take aiki da na'urar nan, ba shi zai gaya mata abin da za ta rasa ba. Ma'aikata suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Manaja ya ji kunya, ya ce ya ba Injiniya zuwa gobe da yamma, in ba ta tashi ba a wanke.

A gida ta kasa cin abinci. Mijinta ya ce ta kira Manaja gefe ta gaya masa gaskiya, ai ɗanta ne, ba zai wulaƙanta ta ba. Ta ce wulaƙanci ba shi take tsoro ba, tausayi take tsoro. Ta san irin kallon da ake yi wa wanda aka tausaya wa, ta ga an yi wa shi kansa malam ranar da zare ya fara gagararsa shiga allura. Ta taɓa wa tsohon inda ke masa ciwo. Ta ji haushin kanta, amma ba ta janye maganar ba.

Washegari Injiniya ya dawo da dabara. Ya ce ya kwana yana tunani, ya gano sabon allon da sabon salo yake magana da faifai, ita kuwa manhajar da ke kan faifan tsohon salo kawai ta iya, shi ya sa suke rabuwa a bakin ƙofa. Ya shiga saitin allon ya mayar da shi tsohon yayi. Ta yi shuɗi. Ya sake komawa ya canza wani wuri, ya cire, ya jona, gumi na ɗiga daga gemunsa. Inna na tsaye a kansa tana jan carbi. La'asar ta wuce, Manaja ya fita karɓo kaya, sai kwamfutar ta yi ɗan kukan nan nata na tashi, wanda Inna ta fi sanin sa da muryar wasu danginta. Ta gefen ido ta hango rawayarta a kan baƙi. Ta zauna a kujera, ta yi ta sa wa Injiniya albarka har da iyayensa.

Ya ce saura ɗan ƙarashe, firinta, wato injin fitar da takarda, ba ta gaisa da sabon allon ba tukuna. Ita kuwa dole ta tafi, don ba ta yarda rana ta faɗi tana hanya. Mutane na ɗauka isa ce, alhali ramukan titi take gudu. Ta ja masa kunne kada ya taɓa mata komai, ya ce to Inna, Allah ya kiyaye hanya.

Bai kuwa taɓa takarda ko ɗaya ba, mutumin kirki ne. Amma duk mai gyaran da ya canza madabod ya ga haruffa sun kumbura, launi ya birkice, abu ɗaya yake fahimta: aikinsa bai kammala ba, sikirin bai daidaita da sabon allo ba. Barin ta haka abin kunya ne a sana'arsu. Ya zauna ya daidaita komai, haruffa suka koma ƙanana masu kyau, baƙi a kan fari. Ya tattara alamomin da suka warwatse ya jera su layi guda. Ya cire kwalin ya goge sikirin. Duk saboda albarkar da ta sa masa ya yi wannan, kyauta.

Da safe Inna ta shigo da fara'a, ta gaishe da kowa har mai tayoyi. Ta kunna, kwamfuta ta yi kukanta, sai wani farin haske ya bugi fuskarta, fili fetal babu abin da ta iya tsinta a ciki. Ta laluba kwalinta, babu. Manaja na tsaye a gefe yana yaba aiki, yana cewa yanzu ta zama kwamfuta. Tana cikin neman abin faɗa wani direban babbar mota ya shigo da takardar koke a hannu, an dakatar da shi daga aiki, yana so a buga masa kafin ofis ya cika.

Da ta ce kanta na ciwo, da ta tsira a ranar. Amma Inna ba ta taɓa mayar da mai takarda ba, kuma girman kai ya riƙe mata harshe. Ta ɗaga takardar da yatsa biyu, ta tambaye shi ko a cikin mota tana gudu ya rubuta, aka yi dariya kamar kullum. Ta kai linzamin kwamfutar tsakiya inda sabon shafi yake zama, ta danna. Direba ya karanta, yatsunta suka kama gudu, kowane harafi a wurinsa, har da gyara masa jimlar da ta karkace. Ta daɗe ba ta buga takarda mai kyau irin wannan ba.

"Na gama," ta ce. "Sai fitarwa."

Manaja na bayanta, a wurin da kwali ya hana kowa tsayawa shekara da shekaru. Babu wani shafi da ya buɗe. Tun daga gaisuwa har sa hannu, a kan iska ta buga, sikirin na nan da hoton tsaunukan da Injiniya ya sa mata don ado.

"Inna," ya ce a hankali, "tun yaushe?"

"Tun babanka na da rai."

Da labari ya kai wa Injiniya, da gudu ya zo, idonsa ya yi ja. Ya ce aikin minti kaɗan ne ya mayar da haruffan yadda suke, ta gaya masa wajen kowace alama ya jera mata. Gaskiya ya faɗa, abu ne mai sauƙi. Manaja ya gode masa, ya ce ba sai an yi ba. Ya ce shi dai ba zai iya kallon uwarsa tana wahalar da idonta ba, lokacin hutunta ya yi. Da ladabi ya faɗa, har da durƙusawa, kuma irin kallon da ta gaya wa mijinta shi ne a fuskarsa. Wannan ya fi mata zafi a kan a ce ya kore ta da tsawa.

Bai sallame ta ba, kada a ce ya yi butulci. An sa mata ƙaramin tebur a bakin ƙofa, tana jera takardu tana danna musu ƙusa, aikin da hannu kaɗai ke yi. An kawo injin hoton ya cinye lungun. Kwamfutar an matsar da ita gaba, an ba wata mata mai gilashi wadda ke karɓar rubutun kowa ba ta ce uffan ba, ta buga da kuskurenta a gyara. Tsofaffin masu zuwa sukan tsaya su miƙa wa Inna takarda don ta zage su, sai ta nuna musu ciki da haɓa.

Injiniya ya daina bi ta layin, ko an kira shi sai ya turo wani. Aikinsa kuwa ya yi kyau, ba a taɓa sake ganin shuɗin nan ba. Kullum da safe Inna na zaune a bakin ƙofa za ta ji kwamfutar ta yi ɗan kukanta ta tashi, bugu ɗaya, a hannun wata.