Alli a Babban Yatsa

Ƙarfe bakwai saura kwata yake buɗe ɗakin, kullum, yau shekara talatin da huɗu ke nan. Ɗaki ne na ƙarshe a ƙasan benen makarantar koyon kiɗa, kusa da ma'ajiyar kujeru, inda aka tura shi tun farko don kada rurin kayan kiɗansa ya dami masu sarewa da ke sama. Da hannun dama yake murɗa makulli, da shi yake buɗe taga. Hannun hagu yana aljihu. A jikin bango akwai manyan goge guda biyar a jingine, irin waɗanda suka fi mutum tsayi, masu tsirkiya huɗu masu kauri, waɗanda sai an tsaya a bayansu an rungume su kafin a kaɗa. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya duba tsirkiya, ya duba tsinken ƙarfen da kowanne yake tsaye a kai, ya shafa ƙaro a izgar kowane baka. Daga nan ya ciro guntun farin alli ya ajiye a bakin taga, ya zauna jiran ɗalibai.

Sunansa na yanka yana cikin takardun ofis, amma ko shugabar makarantar sai ta yi tunani kafin ta tuno shi. Malam A-Hankali kowa yake ce masa. In ɗalibi ya ɗauko goge, "a hankali." In zai mayar, "a hankali." Mai shara ta rantse ta taɓa jin sa yana faɗa wa butar shayi haka da ta fara tafasa.

Mu faɗi gaskiya, tunda jinjina ba ƙarya ba ce: mutumin nan matsoraci ne. Ba ya tsoron shugaba, ba ya tsoron kora. Hannun 'ya'yan mutane yake ji wa tsoro, kuma tsoron nan shi ne aikin da muka zo yabawa.

Ga dalili. Tsirkiyar babban goge tana da tauri, sai an danne ta sosai a jikin dogon wuyansa kafin sauti ya fito. Sabon hannu abin da ya sani shi ne ya shaƙe wuyan tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, kamar mai riƙe kaza za a yanka. Sautin zai fito tas, babu wanda zai ji aibu. Shekara ɗaya, shekara biyu, sannan jijiya ta fara biyan bashin da ba ita ta ci ba. Daidai shi ne a saki nauyin hannu tun daga kafaɗa ya sauka a kan tsirkiya, babban yatsa ya jingina a bayan wuyan kawai, kamar baƙon da ba zai daɗe ba. To, kunne ba ya kama wannan laifin, shi ya sa Malam ya ƙirƙiro nasa ɗan sanda. Kafin ɗalibi ya fara, sai ya goga masa alli a cikin babban yatsa. In an gama, ya juyo da gogen ya duba bayan wuyan. In ya ga farin ya yi shara-shara, sai ya gyaɗa kai. In ya ga ya manne ya yi kauri, sai ka ga fuskarsa ta sauya kamar wanda aka yi wa mugun albishir.

Hannun da ke aljihu shi ya koya masa. Yana da shekara ashirin da huɗu, saura mako uku ya shiga gwajin wata babbar ƙungiyar makaɗa, wuyan hannunsa ya fara zafi. Malaminsa ya ce zafi ai alamar aiki ce, ya ci gaba. Ya ci gaba. Ranar gwajin, a tsakiyar kiɗa, yatsu biyu na ƙarshe suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Har yau ba su miƙe ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, shi kuwa Malam shekara talatin da huɗu yana ganin tsumman nan a hannun kowane ɗalibi.

Cikin duk waɗanda suka bi ta ɗakin, babu wadda ta kai 'yar tela. Gajeriya ce, har sai da Malam ya sa kafinta ya yi mata ɗan akwatin katako da take hawa kafin ta kai saman wuyan gogen. Abokan karatunta suna tsokanarta cewa gogen ne yake kaɗa ta. Amma in ta ja baka, gilashin taga har rawa yake yi, masu sarewa na sama su yi shiru suna saurare. Tana shekararta ta ƙarshe aka sanar cewa kujerar mai babban goge ta buɗe a babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin. Kujera ce da sai mai ita ya tsufa ake neman wani, wani lokaci shekara goma ba ta buɗe ba. Sharaɗin shiga gwajin ɗaya ne: takardar shaida da sa hannun malamin ɗalibi.

Malam ya ba ta awa uku a rana, ban da ƙari. Allinta kullum shara-shara yake fitowa, hankalinsa a kwance. Abin da bai sani ba shi ne ta aro wani tsohon goge ta kai shagon babanta, gogen da tsirkiyarsa ta yi nisa da wuya, sai da ƙarfin tsiya ake danne ta. A can take ƙara awa huɗu, babu alli, babu mai cewa a hankali.

Wata safiyar Talata, saura kwana goma sha tara a yi gwajin, yana zaune ya ga ta turo ƙofa da gwiwar hannu. Jakarta tana hannun dama, alhali da hagu take ɗaukarta tun da ya san ta.  Sai ya miƙa mata gorar ruwansa.

"'Yata, buɗe min wannan, ta gagare ni."

Ta riƙe gorar da dama, ta kama murfin da hagu, ta murɗa. Murfin bai motsa ba, amma leɓenta ya motsa. Ta cije shi.

"Tun yaushe?" in ji Malam.

"Ba komai ba ne, Baba. Kwanciya na yi a kansa."

"Tun yaushe, 'yata?"

Ta sunkuyar da kai. "Mako biyar."

Mai shara, wadda take goge dandamali a bakin ƙofa, ta ce ba ta taɓa ganin zufa ta karyo wa mutum lokaci ɗaya haka ba. Ta ce Malam ya nemi kujera da hannu kamar makaho, alhali kujerar tana bayansa.

Da kansa ya raka ta wajen likita. Likita ya ce jijiyar ta kumbura, tana buƙatar hutun wata biyu aƙalla. Ya ƙara da cewa akwai allurar da za ta kashe zafin na yini guda in dole ne ta yi gwajin, amma shi ba zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya ba. Mai yiwuwa ta tsira. Mai yiwuwa kuma ba za ta tsira ba.

Wannan "mai yiwuwa" ita ta hana Malam sakat. Da likita ya ce tabbas hannun zai lalace, da abin ya zo da sauƙi. Takardar tana cikin aljihun tebur, saura sa hannunsa kawai. In ya ɗauko alƙalami, sai ya ga yatsun yarinyar sun lanƙwashe a tsakiyar kiɗa. In ya ajiye, sai wani tsoron ya taso masa, wanda ya fi na farko ciwo: anya ba nasa tabon yake so ya lulluɓa wa 'yar mutane ba? Anya ba don shi bai hau kujerar ba ne yake ganin kowa ma faɗuwa zai yi? Maiɗakinsa ta ce kwana huɗu tana ajiye abinci tana ɗaukewa yadda ta ajiye shi.

Rana ta biyar tela ya zo da kansa, da tef ɗin awo a wuya, ko cire shi bai tsaya yi ba. Bayan gaisuwa a tsaitsaye ya ce, "Malam, shekara shida yarinyar nan tana ɗaukar wannan ƙaton katako a bayanta. Uwarta ta hana, dangi sun yi mana dariya, ni na tsaya mata. Yanzu an zo bakin ƙofa ka ce ta koma? Likita ma ya ce akwai allura."

"Akwai, maigida."

"To, mene ne? Ni ma yatsuna ciwo suke kullum, ban fasa ɗinki ba. Yini ɗaya ne fa!"

Yarinyar kuma tana gefe tana kuka, ta dubi Malam. "Baba, don Allah. Hannuna ne, na yarda. In ya lalace ba ruwanka."

Malam ba mai iya faɗa ba ne. Muryarsa tana rawa, gwiwoyinsa suna rawa, kowa a ɗakin yana gani. Sai ya yi abin da ɗalibansa na shekaru ba su taɓa gani ba. Ya ciro hannun hagu daga aljihu ya ɗora a kan tebur, yatsu biyun nan a naɗe, sun bushe, fatar tafin ta tsuke.

"Ni ma yini ɗaya ne," in ji shi. "Ni ma na ce na yarda. Maigida, ka zage ni, ka kai ƙarata wajen shugaba, duk na ɗauka. Amma wannan hannun ba zai sa wa wancan hannu ba."

An kai ƙarar kuwa. Shugaba ta kira shi, ta ce makaranta ba ta taɓa samun ɗalibin da ya kusa wannan kujera haka ba, ya sake tunani. Ya fito daga ofishinta, takardar ta koma aljihun tebur fara fat. Ranar gwaji ta zo ta wuce. Wani ya hau kujerar.

Kada mai karatu ya zaci an gode masa. Tela ya daina amsa sallamarsa. Ita kuwa 'yar tela, in ta hango shi a titi sai ta tsallaka ɗaya gefen. Wata goma sha huɗu akwatinta na katako yana kusurwar ɗaki, Malam yana goge masa ƙura tare da sauran kaya, yana tambayar kansa kullum ko ya kashe baiwar da Allah ya ba shi amana. Babu wanda ya isa ya ba shi amsa, domin hannun da bai lalace ba ba ya zuwa ya ba da shaida cewa da ya lalace.

Malam, kai ne ka ɗauki wannan zargi kai kaɗai. Kai ne ka yarda a ce maka mugu, mai baƙin ciki, gurgun da ba ya son ganin mai gudu, ba ka buɗe baki ka rama ba. Da ka sa hannu, da an tafa maka ko da yarinyar ta nakasa, sai a ce ƙaddara ce. Ka san haka, kuma ka ƙi.

'Yar tela ta dawo wata safiya, ba dogon bayani, ta jawo akwatinta ta hau, ta miƙa masa babban yatsa. Ya goga alli. Daga farko suka soma, kamar ba ta taɓa riƙe goge ba: wata biyu tana jan baka kawai, wata shida tana danna tsirkiya babban yatsanta a sama bai taɓa wuyan ba sam, har kafaɗa ta koyi ɗaukar kayan da yatsa yake ɗauka. Sannu ba ta hana zuwa, amma wannan karon an daɗe ƙwarai ba a je ba. Shekara tara kafin kujerar ta sake buɗewa. Ya sa hannu. Ta hau kujerar, tana kanta har yau.

Makon jiya Malam ya yi ritaya. An taru a ɗakin nan na ƙasa, tsofaffin ɗalibai sun cika shi har dandamali, har da tela a kujerar gaba da furfurarsa. 'Yarsa ce ta kaɗa, kusan rabin awa, gilashin taga yana rawa. Da ta gama kowa ya miƙe yana tafi, ban da Malam. Ya taso a hankali, fuskarsa irin ta ranar gorar ruwa, ya kama hannunta na hagu ya danna gindin babban yatsan yana kallon leɓenta. Leɓen bai motsa ba.

Sai ya yi tambayar da ta daɗe tana cin sa, a gaban kowa. "'Yata, kin yafe min?"

Ta ce, "Baba, shekara tara ka ci min, ba zan ce ban ji zafinsu ba." Ta buɗe yatsun nan biyar a gaban idonsa, ta rufe, ta sake buɗewa. "Amma ƙirga. Duk suna nan."

Ya ƙirga kuwa, ɗaya bayan ɗaya, bakinsa yana motsi, hawaye yana bin gemunsa.

Mun gode, Malam A-Hankali. Ɗalibi ɗari da wani abu suka bi ta hannunka guda ɗaya, kuma babu ko ɗaya da yake ɓoye nasa a aljihu. Allah ya saka maka, ya ba ka hutun da tsoro ya hana ka shekara talatin da huɗu. Ku kuma da aka damƙa wa 'ya'yan mutane, a aji ne ko a shago ko a filin wasa, in ranar ta zo da kowa yake cewa yini ɗaya ne kawai, ku tuna da mutumin da gwiwarsa take rawa amma bai sa hannu ba. Guntun allinsa yana nan a bakin taga, ya bar wa wanda zai gaje shi.