Karen Maharbi da Zanen Inna

Ina da shekara tara, saura kamar shekara biyu Nasara su tafi, Inna tana tuyar ƙosai a bakin kasuwar Zango. Babana ya rasu tun ina goye. Aminiyarta ita ce maƙwabciyarmu, matar wani mahauci, wadda nake kira Gwaggo. Tare suke daka, tare suke zuwa rijiya.

Wata safiya Gwaggo ta ɗebo kilishi daga kayan mijinta ba da saninsa ba, ta ƙulle wa Inna a gefen zane, ta ce a ba ni. Ran nan wani maharbi daga Gaffati ya shigo kasuwa da karensa. Karen ya tsallake kowa ya manne wa Inna, yana ta shinshinar zanenta. A kore shi, ya dawo. Inna dariya ma take yi, har ta kwance ƙullin daga baya ta ba ni na cinye.

Amma a garinmu ana cewa kare yana ganin abin da ido ba ya gani, ba ya bin mutum haka sai in da maita a jikinsa. A makon kuwa wata yarinya a layinmu tana kwance da zazzaɓi. Kafin la'asar magana ta gama unguwa.

Mai unguwa ya kira Inna. Ta faɗi gaskiya, ta ce a tambayi aminiyarta. Ina tsaye a zaure aka kawo Gwaggo, mijinta yana zaune a gefe. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ranka ya daɗe, ni ban ba ta komai ba."

Na ce ai ni na ci kilishin. Aka ce yaro ya yi shiru.

Ba wanda ya taɓa mu, ƙosan ne kawai aka daina saye. Uwaye suka riƙa janye 'ya'yansu in mun gifta. Yarinyar ta warke, ba wanda ya zo ya ce mana komai. Kafin damina muka koma unguwar Kara-Kara, inda ba a tambayar mutum abin da ya kawo shi.

Na girma kafin wani likitan dabbobi ya gaya mini cewa hanci ne idon kare: gumi yake ji, da abinci, da inda mutum ya bi. Na kai wa Inna wannan bayani. Ta ce ita ba ta taɓa jin haushin karen ba. Har ta rasu ba ta sake yin aminiya ba.